Ɗaukar Ma'aikatan Kwamfuta: A Gwada Mutum da Aikin da Zai Yi

Sharhinmu na yau a kan jarrabawar ɗaukar aiki ne, irin wadda bankuna da kamfanonin waya da ma'aikatun gwamnati ke shirya wa masu neman aikin kwamfuta, wadda ake cewa tana auna basirar mutum tun kafin ya zauna a kujera.

Wataƙila wani ya ce ina ruwana, ni manomi ne, ko ni 'yar kasuwa ce. To akwai ruwanka, akwai ruwanki. Albashin da ke shigowa ta waya, kuɗin da ake cira a wurin mai POS, lambar NIN, katin zaɓe, sakamakon jarrabawar ɗanka, takardun mara lafiya a asibiti, kowanne akwai wani ma'aikaci da ba ka taɓa gani ba yana zaune a bayansa. In ya iya aikinsa ba za ka ma san da shi ba. In bai iya ba, kai za ka sha wahalar.

Ku tuna abin da ya faru a watan Mayun 2025, lokacin da shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida yana hawaye, yana neman afuwa. Wata tangarɗar na'ura ce ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, dole suka sake zama jarrabawa. Ban kawo wannan don in ɗora wa wani laifi ba. Na kawo shi ne don mu ga nauyin wannan aiki: kuskuren da ake yi a ɗaki guda yana iya hana dubban gidaje barci. Saboda haka yadda ake zaɓo masu wannan aiki magana ce ta kowa da kowa.

Matsayina a fili yake. Gwaji ya fi alfarma nesa ba kusa ba. Amma ba kowane gwaji ne gwaji ba. Wanda ya cancanci sunan shi ne wanda ya yi kama da aikin da za a ba mutum, wanda kuma aka bincika aka tabbatar cewa masu cin sa su ne ke iya aikin daga baya. Tarihin wannan fanni kansa ya ishe mu hujja.

A Amurka aka fara. A shekarun 1950 kamfanoni sun sayi manyan kwamfutoci, amma babu isassun masu sarrafa su, domin ko jami'o'i ba su fara ba da digiri a fannin ba. Sai a 1962 Jami'ar Purdue ta buɗe sashen kimiyyar kwamfuta na farko a ƙasar. To ta yaya za ka gane wanda zai iya aikin da ba wanda ya karanta? A 1955 kamfanin IBM ya fito da wata jarrabawa ta auna basirar masu rubuta manhaja. Tambayoyinta kashi uku ne: jerin lambobi a ce ka faɗi wadda za ta biyo baya, zane-zane a ce ka gano dangantakarsu, sai lissafi na tunani. Masanin tarihin kwamfuta Nathan Ensmenger ya nuna cewa zuwa 1962 kusan kashi 80 cikin 100 na kamfanonin da ke ɗaukar masu rubuta manhaja suna yin wani nau'in gwajin basira, rabinsu kuma na IBM suke yi. A 1967 kaɗai, sama da mutum 700,000 ne suka zauna wannan jarrabawa.

Jarrabawar ta yi amfani ta wata fuska, domin ta buɗe ƙofa ga mutanen da ba su da kowa kuma ba su da babban kwali. Amma da masu bincike suka bi sawun waɗanda aka ɗauka, sai suka tarar ta fi nuna wanda zai ci maki a ajin horo, ba lallai wanda zai yi fice a bakin aiki ba. Duk da haka kamfanoni suka ci gaba da ita, saboda tana da arha kuma tana rage tarin takardun masu nema cikin sauri.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan illa. A tsakiyar shekarun 1960 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, William Cannon da Dallis Perry, suka yi wa masu rubuta manhaja 1,378 tambayoyi don su zana siffar wanda ya dace da aikin. Mata 186 ne kacal a cikinsu. Suka fito da cewa masu wannan aiki mutane ne masu son warware matsala, waɗanda kuma ba su damu da cuɗanya da jama'a ba. Kamfanoni suka ɗauki wannan siffa suka mayar da ita ma'auni. Suna neman irin mutanen da ke ciki, suna ɗaukar irinsu, sannan su waiwayo su ce ai ga shi nan, irin waɗannan ne masu iyawa. Alhali kuwa ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko a duniya, mata shida ne suka fara tsara mata aiki a 1945. A 1984 mata ke karɓar kashi 37 cikin 100 na digirin kwamfuta a Amurka. Bayan shekaru ashirin da 'yan kai adadin ya faɗo ƙasa da kashi 20. Dalilan faɗuwar suna da yawa, amma wannan siffa da aka kafa tun farko tana cikinsu.

Maganar gwajin da ba shi da alaƙa da aiki ta kai har kotu. Kamfanin lantarki na Duke Power ya sa sharaɗin takardar sakandare da wasu gwaje-gwajen basira guda biyu ga mai son shiga sassan da suka fi albashi, sharaɗin da ya riƙa tankaɗe baƙaƙen fata. Willie Griggs da abokan aikinsa suka kai ƙara. A 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa idan gwaji yana ware wani jinsi, dole mai kamfani ya nuna cewa gwajin yana da alaƙa ta gaskiya da aikin. Wannan hukunci ba ya aiki a ƙasarmu, amma tambayar da ya yi tana aiki a ko'ina: me ya haɗa wannan tambaya da wannan aiki?

Har a wannan ƙarni ba a daina neman gwajin da zai raba masu iyawa da marasa iyawa da bugu ɗaya ba. A 2006 wasu masana biyu na Jami'ar Middlesex a Ingila, Saeed Dehnadi da Richard Bornat, suka fitar da wata takarda mai cewa sun gano gwajin da ke nuna, tun kafin a fara darasi, wanda zai iya rubuta manhaja da wanda ba zai taɓa iyawa ba. Maganar ta bazu a duniya, malamai da masu ɗaukar aiki suka riƙa kafa hujja da ita. A 2014 Bornat da kansa ya fito ya janye wannan iƙirari. Haka kuma kamfanin Google ya shafe shekaru yana yi wa masu neman aiki tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa masu kama da kacici-kacici. A 2013 shugaban sashen ma'aikatansa, Laszlo Bock, ya shaida wa jaridar New York Times cewa sun duba bayanansu sun ga irin waɗannan tambayoyi ɓata lokaci ne kawai, ba sa nuna wanda zai iya aiki.

To mene ne ke nunawa? A 1998 Frank Schmidt da John Hunter suka tattara binciken shekara 85 kan hanyoyin ɗaukar ma'aikata. A sahun gaba suka samu abu uku: a ba mutum ɗan samfurin aikin ya yi, a gwada kaifin tunaninsa, a kuma yi masa intabiyu mai tsari, wato tambayoyi iri ɗaya ga kowa, da ƙa'idar ba da maki da aka rubuta tun farko. Yawan shekarun karatu da yawan shekarun aiki kuwa can ƙasa suka zo. A 2022 Paul Sackett da abokansa suka sake bin waɗannan alƙaluma, suka ce an zuzuta ƙarfin gwajin kaifin tunani fiye da kima, intabiyu mai tsari ne ya fi kowanne. Masana na iya saɓani kan wane ne na ɗaya, amma sun haɗu a kan cewa abin da ya fi kusa da aikin ya fi faɗin gaskiya.

Yanayin da ake yin gwajin ma yana da tasiri. A 2020 masu bincike na Jami'ar Jihar North Carolina tare da Microsoft suka raba ɗalibai 48 gida biyu, suka ba su matsala iri ɗaya. Rabi suka yi a ɗaki su kaɗai, rabi suka yi a jikin allo wani na tsaye yana kallonsu. Ƙoƙarin waɗanda ake kallo ya ragu da fiye da rabi. A cikin matan da aka gwada, duk waɗanda suka yi su kaɗai sun warware matsalar, waɗanda ake kallo kuwa ko ɗaya ba ta warware ba. Mutum 48 ba su da yawa, amma darasin ya shafe mu sosai, mu da muka tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kan kunya da sunkuyar da kai gaban manya. Wani gwajin faɗuwar gaba yake aunawa, ba basira ba.

Masu sauraro, mu dawo gida. Matsalarmu ta farko ba ingancin tambayoyi ba ce, gaskiyar jarrabawar ce gaba ɗaya. Matasa da yawa sun riga sun yanke cewa jarrabawar ɗaukar aiki cika ƙa'ida ce kawai, sunayen masu uwa a gindin murhu an gama rubuta su tun kafin a buga sanarwa. Ko wannan zargi bai tabbata a kan kowace ma'aikata ba, yawan masu yarda da shi kaɗai ɓarna ne, domin mai basira yana daina nema. Kuma ba mu manta da ranar 15 ga Maris, 2014 ba, ranar da aka tara ɗaruruwan dubban matasa a filayen wasa na Abuja da Fatakwal da Minna da sauran birane, kowa ya biya naira 1,000, don jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice a kan guraben da ba su kai 5,000 ba. Aƙalla mutum 15 suka rasu a turmutsutsu. Allah Ya jiƙansu. Wannan ba aikin kwamfuta ba ne, amma ya nuna inda ake kaiwa idan aka mayar da gwaji taron jama'a maimakon hanyar zaɓe.

Matsala ta biyu ita ce takarda guda ga kowa. Mai neman aikin akawu, da mai neman aikin kula da kwastoma, da mai neman kula da babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan banki, duk a zaunar da su a ba su tambayoyi iri ɗaya: kishiyar wata kalmar Turanci, sunan wani minista, lissafin jirgin ƙasa biyu da suka tashi daga tasha daban-daban, tambaya 60 a minti 40. Wanda ya haddace tsofaffin tambayoyin da ake sayarwa a intanet shi zai wuce. Idan za ka ɗauki tela a shagonka, ba ka tambayarsa kogin da ya fi tsawo a Afirka. Yadi kake miƙa masa da almakashi, ka nuna masa keke, ka koma gefe ka ga yadda zai fitar da wuyan riga.

Wannan matsala ta fi cutar da mu a Arewa. Ku shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ku tsaya a gaban teburin wani matashi mai gyara. An kawo masa wayar da ta ƙi kamawa. Bai buɗe ta nan take ba. Ya tambayi mai ita ko ta faɗi, ko ta shiga ruwa, ko da wace caja aka yi mata caji jiya. Ya sa mita ya auna batir, ya ga lafiya lau. Ya cire shi daga lissafi, ya koma kan wurin caji, shi ma ya cire shi, har ya dira a kan ɗan ƙaramin abin da ya ƙone a jikin allon wayar, ya hura masa zafi ya ɗaga shi da hantsaki. Abin da wannan matashi ya yi, na bin matsala daki-daki yana kawar da zato ɗaya bayan ɗaya, shi ne zuciyar aikin kwamfuta. Amma ka zaunar da shi gaban tambayoyin Turanci masu sauri, zai faɗi, a ce ba shi da basira. Turanci yana da muhimmanci a wannan aiki, domin da shi aka rubuta yawancin bayanan na'urori, kuma ba na goyon bayan matashi ya yi sakaci da shi. Sai dai a auna shi gwargwadon buƙatar aikin, a wuri daban, kada ya zama shi ne ƙofa kuma shi ne katanga.

To yaya gwaji mai kyau yake? Ga misali. Asibiti na neman ma'aikacin da zai kula da kwamfutocinsa. A ajiye masa kwamfuta da firinta a kan tebur, an riga an ɓata wani abu da gangan, a ce masa ma'aikaciyar ɗakin magani ta ce takarda ta ƙi fita, ga marasa lafiya a layi, kana da minti 30. Masu ba da maki su uku, kowa da takardarsa. Ya yi tambaya kafin ya fara taɓawa? Ya duba abu mai sauƙi kafin mai wuya? Ya adana bayanan da ke ciki kafin ya goge wani abu? Da ya gama, ya iya yi wa ma'aikaciyar bayani da harshen da za ta gane ba tare da ya raina ta ba? In mai rubuta manhaja ake nema, a ba shi gajeriyar manhaja mai kuskure a ciki, a bar shi shi kaɗai na awa ɗaya, sannan a zauna da shi ya faɗi abin da ya gyara da dalilinsa.

Wannan zama na bayani ya ƙara muhimmanci tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022. Yau wanda aka aika wa jarrabawa ya yi a gida yana iya miƙa ta ga ƙirƙirarriyar basira ta amsa masa, ko ya sa wani ya yi masa sojan gona. Amma tambaya biyu ko uku a kan aikin da ya ce shi ya yi sun isa su tona shi. Masu ɗaukar aiki su ma kada su miƙa wa na'ura wuƙa da nama. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya yi watsi da wata manhajar tace takardun masu neman aiki, bayan an gano tana rage wa mata maki, saboda daga takardun shekarun baya ta koyi zaɓe, kuma yawancinsu na maza ne.

Akwai abin da takarda da allo ba sa aunawa, shi ne amana. Wanda ke riƙe da kalmomin sirrin ma'aikata yana iya ganin asusun kowa, da albashin kowa, da cutar kowa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa ma'aikatu alhakin tsare waɗannan bayanai, amma hannun ma'aikaci ne ke tsare su a zahiri. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu daga ƙissar Annabi Musa a Madyana cewa sharaɗin ɗaukar ma'aikaci biyu ne, iyawa da amana. Na farko gwaji ke nuna shi. Na biyu sai an tuntuɓi inda mutum ya taɓa aiki, an sa shi watannin gwaji, an kuma tsara aikin yadda ba mutum ɗaya ke riƙe da dukkan makullai ba.

Na san za a yi mini ƙorafi uku. Za a ce masu nema dubbai ne, ba za a iya ajiye wa kowa kwamfuta da firinta ba. Gaskiya ne. A yi shi mataki-mataki: gajeriyar jarrabawa a cibiyoyin kwamfuta da JAMB ta riga ta sa aka buɗe a kowace jiha, a kan abin da ya shafi aikin, sannan waɗanda suka haye su je gwajin hannu. Za a ce gwajin hannu yana fifita ɗan gidan da ya tashi da kwamfuta. Wannan ma gaskiya ne, kuma a nan ne gwajin basira yake da gurbinsa na halal: ga sabon shiga, a auna tunaninsa, a koya masa wani abu na 'yan kwanaki, a ga saurin ɗaukarsa. Kusan haka kamfanin Andela ya yi da ya fara a Legas a 2014. Bai sa digirin kwamfuta sharaɗi ba, sai gwaji ta intanet, da intabiyu, da ɗan sansanin horo, kuma waɗanda yake ɗauka ba su kai kashi 1 cikin 100 na masu nema ba. Za a kuma ce ai akwai dokar raba gurabe tsakanin jihohi. To, a raba, amma a cike gurbin kowace jiha da wanda ya fi kowa ci a jihar, ba da wanda ya fi kowa kusa da mai mulki ba.

Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, da burin horar da matasa miliyan 3 a fannonin fasahar zamani, hukumar NITDA na cikin masu tafiyar da shi. Horo abu ne mai kyau. Amma idan matashi ya gama koyo ya tarar ƙofar aiki da takardar babban mutum ake buɗe ta, an yi asarar kuɗin horon, shi kuma zai nemi wanda zai saya basirarsa a waje, ko ya karkata ga hanyar da ba mu so.

Don haka ga kirana ga masu ɗaukar aiki. Ku rubuta abin da aikin yake buƙata kafin ku rubuta tambaya. Ku cire sunaye daga takardun amsa, ku sa lambobi. Ku kai jarrabawa kusa da jama'a, kada ɗan Gashuwa ko 'yar Argungu su ci bashin kuɗin mota zuwa Legas saboda zaman minti 40. Kada ku karɓi ko sisi daga mai neman aiki. Ku sanar da kowa makinsa. Bayan shekara guda ku ɗauko makin nan ku gwada shi da aikin da mutanen suka yi. In waɗanda suka fi ci ba su ne suka fi iyawa ba, jarrabawar ce ta faɗi, sai a gyara ta.

Ga matasa kuma, maza da mata, ku tara abin nunawa. Shafin intanet da kika gina wa makarantar unguwarku, manhajar lissafin kaya da ka haɗa wa shagon kawunka, sun fi tarin satifiket magana, domin gani ya kori ji. Ku gyara Turancinku da lissafinku, ku saba yin bayanin aikinku da baki.

Ga manyanmu masu rubuta 'yar takarda a kai wa shugaban ma'aikata, ranku ya daɗe, taimakon ɗan'uwa abu ne mai kyau, amma ku taimake shi da kuɗin koyo da kwamfutar da zai koya da ita, ku bar shi ya shiga layi. Duk gurbin da aka ba wanda bai iya ba, an zalunci mutum biyu: wanda ya cancanta aka hana, da talakan da kuɗinsa ko sakamakon ɗansa zai maƙale a hannun wanda aka ba. Wannan haƙƙi ne, kuma za a tambaye mu a kansa.

A nan za mu dasa aya.